Waiwaye: Yadda 'yan uwan ƙwayar tarin fuka suka zama matsala a asibitoci

A shekarar 1882 Robert Koch ya sanar da gano ƙwayar da ke haddasa tarin fuka, kuma tun daga nan hankalin likitoci ya koma kanta kacokan. Ba a jima ba masu bincike suka fara cin karo da wasu ƙwayoyin masu kama da ita a jikin tsuntsaye da kifi, da cikin ƙasa da ruwa. Idan irinsu suka tsiro daga kakin majiyyaci, sai a ce datti ne ya faɗa cikin gwajin, a zubar. An shafe shekaru kusan 70 ana yi musu wannan kallon raini. Yau an san nau'i kusan 200 a wannan dangi, likitoci na kiransu NTM a taƙaice, wato 'yan dangin da ba su ne ke haddasa tarin fuka ba, kuma wasu daga cikinsu sun fi tarin fuka kansa wuyar magani.

Samun maganin tarin fuka ne ya tona asirinsu. Bayan zuwan streptomaisin a 1944 da isoniyazid a 1952, masu tarin fuka suka fara warkewa, sai aka lura da wasu tsiraru da ke tari, suna ramewa, hoton ƙirjinsu ya nuna rami a huhu, amma magani ba ya yi musu komai, kuma ba sa harbin iyalansu. A 1953 Buhler da Pollak suka bayyana wata ƙwaya mai launin rawaya a birnin Kansas na Amurka, wadda daga baya aka raɗa wa suna Mycobacterium kansasii. A wannan shekarar ne kuma Moore da Frerichs suka ciro wata daga maruru a gwiwar wata mata, ita ce Mycobacterium abscessus da ke ba likitoci ciwon kai a yau. A asibitin masu tarin fuka na Battey da ke jihar Jojiya an ga majiyyata da yawa ɗauke da wata daban, har aka riƙa kiranta da sunan asibitin. Ernest Runyon ya tattara waɗannan duka a 1959 ya kasa su gida huɗu, bisa launinsu da saurin tsirowarsu.

Taurin kansu ga magani ba a asibiti suka fara koyonsa ba. Halittu ne na ƙasa da ruwa, inda suka daɗe suna zaune tare da wasu ƙwayoyin da ke fitar da guba don kashe maƙwabtansu, kuma daga irin waɗannan ƙwayoyin na ƙasa ne ɗan Adam ya samo yawancin magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Don haka suka zo da shirinsu: fata mai kauri da maiƙo wadda magani ke wahalar ratsawa, hanyoyin tofar da abin da ya shiga, da sinadaran da ke lalata maganin kafin ya yi aiki. Wannan fatar ce kuma ke kare su daga kulorin da ake zuba wa ruwan famfo. Kulorin yana kashe abokan gasarsu ya bar musu bututun su kaɗai, su manne a jikinsa cikin wani yauƙi da ba ya wankuwa da sauƙi.

Ƙanjamau ce ta sa duniya ta ɗauke su da muhimmanci. A shekarun 1980 dangin Mycobacterium avium sun riƙa bazuwa cikin jinin waɗanda garkuwar jikinsu ta ƙare, suna gaggauta mutuwarsu. Neman mafita ya kawo klaritromaisin da azitromaisin a farkon shekarun 1990, magunguna na farko da suka yi aiki sosai a kan wannan dangi. A daidai lokacin, a 1989, wani rahoto daga Amurka ya nuna cutar na kama huhun mutanen da ba su da ƙanjamau kuma ba su da wata tsohuwar cutar huhu da aka sani, yawancinsu mata masu shekaru. Daga nan adadin bai daina hawa ba. A tsakanin tsofaffin Amurka da ke ƙarƙashin inshorar lafiya ta gwamnati, masu cutar sun tashi daga 20 zuwa 47 cikin kowane mutum 100,000 tsakanin 1997 da 2007. A Japan wani ƙidaya na 2014 ya samu sababbin kamuwa 14.7 cikin mutum 100,000.

Sai dai maganin da ya zo da sauƙi, da sauƙi aka fara ɓarnatar da shi. Idan aka ba majiyyaci azitromaisin shi kaɗai, ba tare da etambutol da rifamfisin sun rufa masa baya ba, canji guda a ƙwayar halittar cutar ya isa ya mayar da maganin banza. Wani bincike daga Teksas a 2006 ya nuna cewa yawancin masu irin wannan cuta mai bijirewa ta wannan hanyar suka same ta, kuma da yawa daga waɗanda ba a iya kawar musu da ƙwayar ba ba su daɗe ba. Abin takaicin shi ne azitromaisin magani ne da ake ba masu tsohon ciwon huhu su yi ta sha na watanni don rage kumburi. Wanda aka ɗora a kai ba a gwada kakinsa ba, idan yana ɗauke da NTM, an ƙwace masa makaminsa mafi ƙarfi tun kafin a san yana buƙatarsa.

Ita kuwa Mycobacterium abscessus yaudararta ta fi haka. An daɗe ana mamakin yadda gwajin kwana 3 ke nuna klaritromaisin na kashe ta, amma majiyyaci ba ya samun sauƙi. Sai a 2009 aka gano wani sashe na ƙwayar halittarta, mai suna erm(41), wanda ba ya farkawa sai ya ji maganin. Shi ya sa yanzu ake barin gwajin har kwana 14. An kuma gane cewa reshe uku ne, kuma reshen massiliense nasa sashen a lalace yake, shi ya sa masu shi suka fi warkewa nesa ba kusa ba. Ke nan sakamakon da ya tsaya a kan "NTM" kawai, bai faɗi nau'i da reshe ba, bai ba likita abin da zai yi aiki da shi ba.

Asibiti ya zama wurin haɗari ne saboda abubuwa biyu sun haɗu a cikinsa. Akwai dogayen bututu masu lungu, ruwa mai ɗumi da ke kwana bai motsa ba, shawa, injin ƙanƙara, da na'urar leƙa huhu da ake ɗaurayewa. Akwai kuma mutanen da suka fi kowa rauni: waɗanda aka yi wa dashen huhu, masu shan maganin kansa, masu hanyoyin iska da suka buɗe suka lalace, da masu cutar gadon nan ta sistik faibrosis da majina mai kauri ke toshe wa huhu. A asibitin Jami'ar Duke da ke Amurka, kamuwa da abscessus ta ninka bayan buɗe sabon gini a 2013, inda ruwa ke tafiya a hankali cikin bututu. Waɗanda aka yi wa dashen huhu suka fi shafuwa. Da aka hana su taɓa ruwan famfo, aka koma ba su tsaftataccen ruwan kwalba na asibiti don sha da kuskure baki, sai adadin ya sauko. Asibitin Royal Papworth a Ingila ya gamu da irin wannan bayan ƙaura zuwa sabon gini a 2019. Ko da yake ba huhu ta fi kamawa ba, Mycobacterium chimaera ta nuna nisan da matsalar ke iya kaiwa: an fara ganin ɓarkewarta a birnin Zurik na Suwizalan, aka bi sawunta har zuwa tankin ruwan na'urar daidaita zafin jini a tiyatar zuciya, wadda ta gurɓata tun daga masana'anta a Jamus aka rarraba ta ƙasashe da dama.

Ko mutum na iya shafa wa mutum? An daɗe ana cewa a'a. A 2013 masu bincike a Kambirij suka karanta cikakken tsarin halittar ƙwayoyin abscessus da aka samu daga masu sistik faibrosis a cibiya guda, suka ga wasu kusan iri ɗaya ne sak. A 2016 suka faɗaɗa aikin zuwa majiyyata sama da 500 a ƙasashe daban-daban, suka samu wasu 'yan zuriyoyi kaɗan sun mamaye ko'ina. Wasu masanan ba su gamsu ba, domin an samu ƙwayoyi masu kama da juna a jikin mutanen da ba su taɓa haɗa hanya ba. Gardamar na nan, amma cibiyoyi da yawa sun riga sun raba ɗakunan irin waɗannan majiyyata, kuma a ganina sun yi daidai da ba su jira a gama musun ba.

Jinyar kanta jarrabawa ce. Ana shan magani uku ko fiye har sai an cika wata 12 bayan kaki ya daina nuna ƙwayar. Mai abscessus yakan fara da makonni ko watanni na allurar jijiya, irin su amikasin da imifenem da tigesaiklin. Amikasin na iya kurumtar da mutum ya taɓa ƙoda, etambutol na iya taɓa gani, wani lokaci kuma sai an yanke ɓangaren huhu. A 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da amikasin na shaƙa, magani na farko da aka yi wa rajista musamman don cutar huhu ta dangin avium. A gwajinsa kashi 29 cikin 100 ne kakinsu ya washe cikin wata 6, a kan kashi 9 na waɗanda ba a ba su ba. A 2019 an ba da rahoton yadda aka yi wa wata yarinya mai shekara 15 a Landan magani da ƙwayoyin bairus masu cin bakteriya, ta samu sauƙi, amma dole a nemo wa kowane majiyyaci irin da ya dace da tasa ƙwayar.

Inda tarin fuka ya yi yawa, matsalar takan ɓuya a bayansa. A ƙarƙashin madubin gwaji NTM da ƙwayar tarin fuka ba su da bambanci. Sai a ɗora mutum a kan magani na wata 6, bai warke ba, a maimaita, daga nan a ce tarin fukansa mai bijirewa ne. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, tarin fuka kaɗai take ganewa. Saboda haka idan madubi ya ga ƙwaya amma na'urar ta ce babu, bai kamata a sallami majiyyaci ko a ci gaba da lalube ba. Shuka kakin a ɗakin gwaji, ƙwayar ta tsiro a gano nau'inta, shi ne mataki na gaba. A yawancin ƙasashe doka ba ta wajabta kai rahoton cutar ga hukuma ba, in ban da wurare ƙalilan irin su jihar Kwinslan ta Ostareliya. Don haka ɓarkewarta a asibiti sau da yawa ma'aikacin ɗakin gwaji ne ke fara lura da ita, idan ya ga suna ɗaya yana ta maimaituwa daga sashe guda.