Seydou Keïta, Mai Ɗaukar Hoto na Bamako

Seydou Keïta (wajajen 1921 zuwa 2001) mai ɗaukar hoto ne ɗan ƙasar Mali, wanda ya yi suna da hotunan baƙi da fari da ya ɗauki mutanen Bamako. Ɗan kafinta ne, kuma sana'ar mahaifinsa ya fara koya. A 1935 wani kawunsa ya dawo daga Senegal ya ba shi kyamara ƙirar Kodak Brownie. A 1948 ya buɗe shagonsa a unguwar Bamako-Coura, lokacin ƙasar tana hannun Faransa.

Yawancin aikinsa a tsakar gida ya yi shi, da hasken rana. Fim na da tsada, don haka sau ɗaya yakan danna wa kowane mutum, ba ya maimaitawa. Wannan ya sa ainihin aikin yakan ƙare tun kafin a danna: ya gyara wa mutum zama, ya ɗan karkatar da kafaɗarsa, ya ɗora hannun mace inda zobenta zai fito, ya baza mata riga har adon ya bayyana. Girman fim ɗinsa santimita 13 da 18 ne, kuma a wannan girman yake wanke hoton ya miƙa wa mai shi.

Abin da ya fi jan ido shi ne kyallen da yake ratayawa a baya. Da zanin rufe gadonsa ya fara, daga baya ya koma yadi mai zanen ganye da furanni. Idan mace ta zauna gabansa sanye da atamfa, zane kan haɗu da zane ba tare da ɗaya ya cinye ɗaya ba, fuskar kuwa ta fito fes a tsakiya. Nan ne gwanintarsa take. Yana kuma ajiye kayan aro ga mai so: kwat, agogo, tabarau, alƙalami, rediyo, babur Vespa, har da motarsa. Hotunan da Turawan mulki suka saba ɗauka suna nuna ɗan Afirka yadda su suke kallonsa. A shagon Keïta mutum ne ya biya kuɗinsa, ya zaɓi yadda yake so a gan shi.

Bayan samun 'yancin Mali a 1960, gwamnati ta ɗauke shi aiki a 1962, ya rufe shagon ba da jimawa ba, ya yi ritaya a 1977.

A 1991 aka baje wasu hotunansa a New York ba tare da sunansa ba. Jean Pigozzi, mai tara kayan fasahar Afirka, ya gan su, ya tura André Magnin, mai kula da tarin kayansa, Bamako don ya nemo mai hotunan, inda mai hoto Malick Sidibé ya gane aikin ya nuna masa gidan Keïta. Keïta ya adana dubban fim ɗin hotunansa lafiya lau. A 1994 gidauniyar Cartier ta baje kolinsa a Faris, birnin da ya rasu a Nuwamban 2001, sannan zauren Grand Palais ya shirya babban baje kolin ayyukansa a 2016.