Waiwaye: yadda gonar gauraye ta tilasta wa masana Samaru sauraron juna

Kwanakin baya muna wani mitin na aikin bincike kan zazzaɓin cizon sauro, akwai likitoci biyu, da mai lissafin alƙaluma, da wata baiwar Allah da ta karanci ilimin zamantakewa, sai ni da aka kira saboda fassara takardar tambayoyi zuwa Hausa. Matar nan ta fara bayani kenan cewa a ƙauyukan da ta zaga ba ƙin gidan sauro mutane suke ba, zafin bazara ne ke koro su tsakar gida su kwana a tabarma inda babu ko ƙusar da za a rataya shi, sai ɗaya likitan ya dubi agogo ya ce "Hajiya wannan ai hira ce, mu data muke so." Aka ɗan yi dariya ƙasa-ƙasa. Ta rufe littafinta, har aka tashi ba ta ƙara cewa uffan ba.

Tun ranar abin ke min yawo a kai, don wannan rainin tsakanin masu fanni daban-daban ba yau ya fara ba. Tun 1959 wani Bature C.P. Snow ya yi lakca a jami'ar Kambirij yana kukan cewa masu kimiyya da masu adabi sun zama kamar ƙabilu biyu da ba sa jin yaren juna. Amma ni ba sai na je Ingila ba, muna da namu labarin a nan Zariya kuma ya fi nasu daɗin ji tunda gero da dawa ne a ciki.

Tashar binciken noma ta Samaru tun 1922 take, zamanin Turawa, kuma hankalinsu a lokacin ya fi karkata ga auduga da gyaɗa tunda su ake lodawa a jirgin ƙasa a kai teku. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 sai tashar ta koma ƙarƙashinta, ita ce Cibiyar Binciken Aikin Gona, IAR, da muka sani yanzu. Yadda ake aikin shi ne a ware fili a gonar gwaji, a shuka abu ɗaya tak layi-layi, a zuba taki a kan ƙa'ida, a yi feshi, da kaka a auna buhu nawa eka ta bayar, sannan a rubuta shawara a miƙa wa malaman gona su kai ƙauye. Malamin gona ya zo da kekensa ya yi bayani, manomi ya saurara da ladabi ya ce to malam Allah ya saka da alheri, ruwa na sauka ya je ya shuka geronsa, ya bi da dawa a tsakani, daga baya ya cusa wake, wani ma har da gyaɗa duk a gona ɗaya yadda ya ga ubansa na yi. Shekara da shekaru ana haka, kuma bayanin da ya fi sauƙi a ofis shi ne manomin nan bai waye ba, taurin kai ne da shi.

A 1965 aka buɗe wani ɗan sashe a Samaru na nazarin tattalin arzikin karkara da tallafin gidauniyar Ford, aka ɗora wani matashi masanin tattalin arzikin noma David Norman a kai. Su ba su da gonar gwaji, ƙauye suka nufa. Suka zaɓi ƙauyuka uku a ƙasar Zazzau, Hanwa da ke manne da gari, Doka da ke kan hanyar Kano, da Ɗan Mahawayi da ke can lungu, suka zaunar da ma'aikata masu ɗaukar bayanai a cikin ƙauyukan suna bin gidaje sama da ɗari sau biyu a sati har shekara ta zagayo, wa ya je gona jiya, awa nawa ya yi, me ya shuka, nawa aka biya ɗan ƙwadago. Aiki ne mai gundura wallahi, irin wanda masanin da ya saba da ɗakin gwaje-gwaje zai ce wannan kuma wane irin kimiyya ne.

To abin da ya fito shi ya juya lissafin. Ashe abin da ya fi ƙaranci a wurin manomin ba fili ba ne, hannu ne, musamman a Yuni da Yuli lokacin da ciyawa ta taso wa kowa a lokaci ɗaya, noman fari bai ƙare ba maimai ya iso. Masu gonar gwaji suna auna buhu nawa a eka, shi kuwa manomi yana auna me zan samu a kan wunin da na yi a duƙe, kuma in aka auna ta nan gaurayen ya fi biya. Noma ɗaya ka yi wa amfani uku. Sannan ga maganar tsaro, in ruwa ya ɗauke da wuri dawa ta gaza, gero ya riga ya shiga rumbu, in kuma wani ciwo ya kama gyaɗa wake na nan. Har tsarin da suke kira gicci, inda ake jera wani amfanin a gicciye da kunyoyi, an gano ba barbaɗe ba ne, da lissafinsa.

Auduga ma haka. Shawarar Samaru ita ce a shuka ta da wuri a Yuni ita kaɗai a yi ta feshi, kuma a gonar gwaji gaskiya ne hakan ya fi ba da yawa. Amma manomi sai ya bari sai Yuli, don Yuni lokacin abinci ne, wa zai bar hatsin da iyalinsa za su ci cikin ciyawa ya tafi wajen audugar da ba a tuƙa tuwo da ita? Kowa da gaskiyarsa kenan, masanin shuka bai yi ƙarya ba manomi ma bai yi wauta ba, tambayar da kowannensu ke amsawa ce daban.

Ni inda ya fi ɗaukar hankalina shi ne cikin gidan, tsakanin masanan kansu. Ka ɗauka kai ne ka shafe shekara goma kana fitar da irin auduga, sai wani yaro da bai san bambancin tsutsar auduga da ta masara ba ya dawo daga ƙauye da tebur na alƙaluma ya ce manoma ba za su ɗauka ba. Dole ka ji haushi. Matsalar a tsarin take, mai tattalin arziki sai an gama komai ake kiransa ya zo ya faɗi me ya sa abu bai karɓu ba, kamar mai wankan gawa, kullum shi ne mai mugun labari. Sauƙin ya zo ne da aka fara zama tare tun kafin a shuka komai. Cikin shekarun 1970 masana shuka a Samaru da kansu suka fara gwajin gauraye a gonar gwaji, suka koma neman yadda za a inganta abin da manomi ke yi maimakon raba shi da shi, aka kuma shigo da wasu fannonin, Emmy Simmons misali ta bi abin da gidaje ke ci da sana'o'in mata na cikin kulle, ɓangaren da mai auna eka ba zai taɓa gani ba. Norman ya bar Zariya a 1976 ya koma jami'ar jihar Kansas a Amurka, amma aikin Samaru na cikin tushen abin da duniya ta zo tana kira binciken tsarin noma gaba ɗayansa.

A wajen wannan lokacin a ƙasar Guwatemala wani Peter Hildebrand ya ɓullo da wata dabara da nake ganin ta fi bita goma amfani. In tawaga ta fita ƙauye sai a haɗa mutum biyu-biyu, masanin shuka ɗaya masanin zamantakewa ko tattalin arziki ɗaya, su wuni tare suna hira da manoma, da yamma a taru a tattauna, gobe a canza wa kowa abokin tafiya. Mutumin da kuka sha rana tare kuka ci abinci a kwano ɗaya, da wuya ka ce masa aikinsa hira ce.

Ɓangaren lafiya su da tsada suka koyi nasu. Mun san abin da ya faru a Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau da kamfanin magunguna na Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200, kusan rabinsu aka ba Trovan sauran aka ba su wani maganin, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 zuwa 2004 wannan tabon na cikin abin da mutane ke ambata, kuma ba a samu kan abin ba sai da masu allura suka yarda cewa sarakuna da malamai da masu nazarin al'umma abokan aiki ne, ba 'yan rakiya ba. A Ebola ta 2014 a Gini da Saliyo da Laberiya ma, ana ta rigima da dangi kan gawa, sai da aka saurari masana al'adu irin su Julienne Anoko 'yar Kamaru, kafin ƙarshen shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin jana'iza da ya haɗa kariya da mutunta mamaci, har da yadda za a yi wa Musulmi da Kirista.

Daga nan aka shiga zamanin rubuta ƙa'idoji. Sanarwar Singafo a 2010 kan gaskiya a bincike, sai ta Montreal a 2013 wadda ita kai tsaye kan haɗin gwiwa take tsakanin ƙasashe da cibiyoyi da fannoni, a 2017 mutanen San na Afirka ta Kudu da suka gaji da zama abin nazari suka rubuta tasu ƙa'idar da kansu, a 2018 aka fitar da wata ta duniya mai ginshiƙai huɗu, adalci da girmamawa da kulawa da gaskiya, wadda Tarayyar Turai ta ɗauka, sai taron Cape Town na 2022 da ya taɓo masu zuwa su kwashi bayanai a ƙasashe matalauta su tashi kamar jirgi mai saukar ungulu su je su buga da sunansu kaɗai. Duk suna da kyau a takarda ban musa ba, kawai dai ban taɓa ganin an buɗe ɗaya a tsakiyar mitin ba.

Inda rigimar take zahiri ƙananan wurare ne. Jerin sunaye a kan takarda misali, a likitanci sunan ƙarshe na oga ne kuma matsayi ne babba, a lissafi da tattalin arziki galibi bin haruffa ake yi, mai tarihi kuwa ya saba rubutu shi kaɗai, to in ba a zauna an yi wannan maganar tun ranar farko ba sai an gama aiki kowa ya ga an ci masa fuska alhali kowa al'adar gidansu ya bi. Ga kalmomi, abin da mai alƙaluma ke nufi in ya ce sakamako na da ƙarfi daban yake da abin da likita zai ji. Ga kuɗi, wanda asusun ke hannunsa shi ke yanke wace tambaya ce mai muhimmanci. Ga kuma na ƙasa, masu ɗaukar bayanai da tafintoci, irin waɗanda suka kwana a Doka da Ɗan Mahawayi suna ƙirga awannin noma, waɗanda yawanci iyakarsu layi ɗaya na godiya a ƙarshe in ma an tuna.

Mitin ɗinmu kuwa, bayan kamar wata biyu alƙaluman suka dawo suna nuna kusan kowane gida na da gidan sauro amma zazzaɓi bai ragu yadda aka zata ba, mai lissafin ne ya ce a kira Hajiya. Ta zo da littafin nan nata, wannan karon likitan da kansa ya jawo mata kujera, ya ce "ranki ya daɗe maimaita mana maganar tsakar gidan nan." Aka ƙara tambaya biyu a fom, a ina ka kwana jiya, kuma akwai wurin ratayawa ko babu, ni na fassara su. Da daftarin rahoton ya fito na duba, sunanta na nan na biyar cikin shida, yaran da suka zaga ƙauyukan a kan babur kuma an rubuta su a dunƙule, "ma'aikatan fili".