Ma'anar Mazantaka da Nauyin da Take Ɗora wa Ɗa Namiji

Idan yaro ɗan shekara bakwai ya faɗi a ƙofar gida ya kuje gwiwa, aka ce masa, "Yi shiru mana, kai fa namiji ne," ba jinsinsa ake sanar da shi ba, domin ya riga ya san wannan. Darasin farko ake biya masa na abin da Hausawa suke kira mazantaka. Kalmar ta fito ne daga maza, jam'in namiji, kuma tana nufin halaye da ayyukan da jama'a suke jiran gani daga ɗa namiji kafin su yarda cewa ya cika. Ya kamata a raba ta da mazakuta, wadda ta shafi halittar jiki, ko da yake masu tallar maganin gargajiya da lasifika a tashoshin mota sun cakuɗa su har wasu matasa ba sa jin bambancinsu.

Harshen da kansa ya nuna cewa mazantaka hali ne da ake nunawa, ba gado ba. Bazawarar da ta riƙe marayu biyar da sana'ar ƙosai har suka gama makaranta, ana cewa ta yi namijin ƙoƙari, kuma kirarin Sarauniya Amina ta Zazzau shi ne mace mai kamar maza. A ɗaya gefen, akwai ƙato mai gemu da ake kira ragon maza. Karin maganar da ke cewa namiji barkono ne, sai an tauna ake sanin yajinsa, ita ma wannan take faɗi.

Ma'anar da ta fi tsufa ita ce juriya, kuma mu mutanen Gombe, da muka tashi a masarautar da Buba Yero ya kafa, inda Hausa da Fulfulde suke zaune gida ɗaya, muna da wurin ganinta ƙarara. A tarbiyyar Fulani da ake kira pulaaku akwai ngorgu, wato mazantaka, amma ba ta tafiya ita kaɗai, tana tare da munyal, wato haƙuri, da semteende, wato kunya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin sharo ya san yadda abin yake: saurayi ya tuɓe riga, ya ɗaga hannu, wani lokaci da madubi a hannunsa yana duban fuskarsa, abokin karawarsa ya zuba masa tsumagiya har fata ta tsage, shi kuwa ko gezau, har da murmushi. Abin lura shi ne wanda 'yan mata suke yi wa guɗa. Ba mai dukan ba ne, wanda ya shanye dukan ne.

Wannan ma'auni ne 'yan Kalare a Gombe da 'yan Sara-suka a Bauchi suka juya kansa ƙasa. Tun da 'yan siyasa suka fara amfani da su a lokutan zaɓe a farkon shekarun 2000, yaron unguwa ya riƙa ganin cewa namiji shi ne wanda ake watsewa idan ya zaro adda, ba wanda ake miƙewa a gaisar ba. Jarumtar da sai an haɗiyi ƙwaya take zuwa kuwa aro ce, tana tafiya da zarar ƙwayar ta saki mutum. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira ya riga ya yanke wannan magana, inda Annabi (SAW) ya bayyana cewa mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi.

Sai dai ma'anar da ta fi kowace nauyi a yau ita ce ɗaukar nauyin iyali. Bahaushe ba ya lissafa tuzuru cikin manya komai furfurarsa, sai ya yi aure ya zama maigida, sannan a fara neman shawararsa a taron dangi. Tushen wannan yana cikin aya ta 34 ta Suratun Nisa'i, wadda ta danganta shugabancin maza a gida da ciyarwar da suke yi daga dukiyarsu, kuma malamai sun lissafa haƙƙin a fili: ci, sha, sutura da muhalli. Al'ada kuma ta zo ta yi nata ƙari, daga akwatunan lefe zuwa kayan sallah, da gudummawar bikin dangin mata, da ƙannen da suke jiran kuɗin rajista, har aka wayi gari ana auna mutum da aljihunsa kawai. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin abinci da na sufuri ya tashi, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai cike giɓin ba, balle ga ɗan acaɓa da lebura waɗanda ba su da albashin ma.

Akwai wani magidanci da nake yawan tararwa a teburin mai shayi a Jekadafari tun kafin rana ta fito. Daga masallacin asuba ba ya komawa gida, kuma ba shayin yake sha ba, zama kawai yake yi har yara su tafi makaranta, don kada uwargida ta aiko ƙaramin ya ce, "Baba, in ji Mama a ba da kuɗin cefane." Ba rago ba ne, birkila ne da aiki ya yanke masa. Abin da yake gudu ba faɗan matarsa ba ne, idon ɗansa ne a lokacin da zai ce babu. Aya ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki kuma ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi, amma a wa'azin ɗaurin aure an fi jin waccan ayar ta farko fiye da wannan.

Akwai kuma abin da aka hana namiji da sunan mazantaka. Wanda aka gani yana goyon jariri ko yana hura wuta don matarsa tana kwance ba lafiya, nan take majalisa za ta laƙaba masa mijin-ta-ce. Abin mamaki, mai shayi da mai tsire da mai wanki da guga duk maza ne, kuma babu wanda ya taɓa cewa sana'arsu ta rage musu wani abu. Ashe aikin ba ya zama abin kunya sai idan kyauta aka yi shi, kuma ga matar mutum. Nana A'isha kuwa, da aka tambaye ta abin da Annabi (SAW) yake yi a gida, cewa ta yi yakan kasance cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi sai ya fita.

Haka batun hawaye yake. Ya tabbata cewa idanun Annabi (SAW) sun zubar da hawaye lokacin rasuwar ɗansa Ibrahim, amma a zaman makoki a garin nan, uban da ya binne ɗansa da safe ana sa ran ganinsa a kan tabarma da hantsi yana amsa "Ya haƙuri?" da "Da godiya," muryarsa ba ta rawa. Mace tana da uwa da aminiya da 'yan'uwa da za ta zauna ta zayyana musu damuwarta, shi kuwa abokinsa na shekara ashirin bai san bashin da ke kansa ba, sai ranar da hawan jini ya kayar da shi a kasuwa. Hausa tana da sunaye da yawa na yabon wanda ya shanye, jarumi da gwarzo da sadauki da namijin duniya, amma wanda ya buɗe baki ya ce abin ya fi ƙarfinsa, kalmar da ta fi saurin zuwa bakin mutane a kansa ita ce raki.