troff da manhajojin tsara littafin jagora

troff manhaja ce ta tsara rubutu domin bugawa, wadda ta fito daga cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka. Ita da danginta, nroff da groff, su ne ginshiƙin shafukan jagora da ake karantawa da umarnin man a Unix da Linux, manhajojin da ke tafiyar da kwamfuta. Marubuci ba ya ganin siffar shafin sa'ad da yake rubutu. Yakan rubuta bayaninsa a fili, ya tsarma umarni a tsakanin layuka, sannan manhajar ta fitar da shafin a tsare.

Tarihi

Asalinta RUNOFF ce, wadda Jerome Saltzer ya rubuta a jami'ar MIT da ke Amurka a 1964. Daga nan aka samu roff, wadda sashen rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na Bell Labs ya yi amfani da ita a 1971 wajen buga takardunsa a kan kwamfutar PDP-11. A watan Nuwamba na shekarar ne Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fitar da littafin jagorar Unix na farko. Joe Ossanna ya rubuta nroff, sannan a 1973 ya samar da troff saboda wata na'urar ɗab'i mai suna CAT. Bayan rasuwarsa a 1977, Brian Kernighan ya sake fasalin manhajar yadda za ta yi aiki da kowace na'ura, kuma wannan gyaran ne ya sa ta daɗe. James Clark ya rubuta groff, wadda aka fara sakewa kyauta a 1990, ita ce kuma ke cikin mafi yawan nau'o'in Linux a yau.

Yadda take aiki

Duk layin da ya fara da ɗigo umarni ne. A shafin jagora, .TH ke ba da sunan shafin da lambar sashensa, .SH ke buɗe kanu, .PP ke fara sabon sakin layi, .B kuma ke kaurara kalma. Fayil ɗin nan guda, in aka ba nroff, sai ya fito a allo da haruffa masu faɗi ɗaya. In aka ce groff -man -Tpdf, sai ya fito PDF mai kyau, a shirye don bugawa. Amfanin a bayyane yake: marubucin ba zai rubuta bayani sau biyu ba, don haka da wuya abin da ke takarda ya saɓa da abin da ke allo. Akwai kuma mataimaka: tbl na jadawali, eqn na lissafi, pic na zane.

Hausa da Larabci

Ga Bahaushen da ke karatun kwamfuta a Jidda, Riyad ko Zahran, wanda ke rubutu da boko da Larabci duka, a nan ne aikin ke da ɗan wuya. An gina groff a kan haruffan Turai ta Yamma, saboda haka ɓ, ɗ da ƙ ba sa shiga kai tsaye. Sai an ƙara -k a umarnin, wanda ke kiran wata ƙaramar manhaja mai suna preconv ta mayar da ƙ zuwa \[u0199], ɗ zuwa \[u0257], ɓ zuwa \[u0253]. A allo wannan ya wadatar. A takarda kuwa, tsofaffin nau'o'in haruffa irin su Times da aka saba da su ba su da masu lanƙwasa, sai groff ta yi gargaɗi ta tsallake harafin, “ƙasa” ta koma “asa”. Maganin shi ne a girka nau'in haruffan da ke ɗauke da su, kuma a duba shafin kafin a kai shi shagon bugawa.

Larabci ya fi haka nauyi, domin groff ba ta san rubutu daga dama zuwa hagu ba, kuma harafin Larabci yana sauya siffa gwargwadon inda ya faɗo a kalma. Ajamin Hausa ma haka yake. Neatroff, wani nau'in troff da Ali Gholami Rudi ya rubuta, tana iya wannan aikin. Da yawa kuma sukan koma ga dangin TeX, wata manhajar tsara rubutu ta daban, musamman XeTeX da Jonathan Kew ya fitar a 2004, wadda ke karɓar Unicode, tsarin da ya bai wa haruffan harsunan duniya lambobi, kai tsaye kuma ke amfani da haruffan da ke cikin kwamfutar.