Ruwan famfonmu mai nauyi ne: amsoshin tambayoyin da kuke ta maimaitawa

Farin abin nan da ke daskarewa a gindin butar shayi, guba ne?

A'a. Kalsiyam ne da magnesiyam da ruwa ya kwaso daga ƙasa, yawansu ne ake kira nauyin ruwa. Zafin wuta ne ke sa su kwanta.

Yaya zan fitar da shi?

Ruwan khal rabi, ruwa rabi. A tafasa, a bari awa ɗaya, a ɗauraye. Lemun tsami ma yana yi. Ku daina kankarewa da wuƙa, butar kuke hudawa.

Shi ke kawo tsakuwar ƙoda?

Hajiya, kwantar da hankalinki. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ma sa wa nauyin ruwa iyaka ta fuskar lafiya ba. Abin da ya fi kawo tsakuwa shi ne ƙarancin shan ruwa, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafi ke haura 40. Wanda ya rage sha don tsoron farin abin nan, kansa ya cuta.

Me ya sa sabulu ba ya kumfa?

Nauyin ne dai. A takardar gwaji za ku ga an rubuta TH, wato ma'aunin nauyin ruwa: digiri 1 daidai yake da miligiram 10 na kalsiyam kabonet a lita. Daga digiri 20 zuwa sama za ku fara ganin daskarewa a tukunya da bakin famfo. Sabulun gari ya fi sabulun sanda jure irin wannan ruwa.

Haƙoran yarana sun yi ɗigo-ɗigo, wasu sun koma ruwan ƙasa. Ruwan ne? In riƙa tafasawa?

Wannan ita ce tambayar da ta kamata ku fara yi, amma sai a ƙarshe ake tuno ta. Mai yiwuwa ruwan ne, amma ba nauyinsa ba. A yankin kogin Mayo Tsanaga da ke arewacin Kamaru, wajen Meri da kewayen Marwa, duwatsun ƙasa suna sakin wani sinadari mai suna fuloraid cikin ruwan rijiyoyi, wasu har sun wuce miligiram 1.5 a lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa. Ba shi da launi, ba shi da ɗanɗano. Sai dai ban ce kowane tabo fuloraid ba ne: ruɓewar haƙori ma tana canza launi, goro kuma yana rina na manya. In yara da yawa a unguwa ɗaya suna da tabo iri ɗaya, kuma duk a nan suka tashi, to zargi ya yi ƙarfi.

Tafasawa ba ta cire fuloraid. Ruwan ne ke tafiya da tururi, fuloraid ya zauna, har ya ɗan ƙaru. Matatar tangaran da ake sayarwa a kasuwa ba ta kama shi, javel (ruwan kulorin na kashe ƙwayoyin cuta) ma haka. Ƙaramin ma'aunin batir da masu tallar matata ke tsomawa a kofi ba ya auna shi sam, jimlar gishirin ruwa kawai yake nunawa. Abin da ke rage shi sosai gawayin ƙashi ne da injin tace ruwa na osmos, su ma sai ana canza kayan cikinsu a kan lokaci, in ba haka ba an yi asarar kuɗi.

Saboda haka a fara da gwaji. A ɗauraye gora da ruwan sau uku, a cika ta, a kai ɗakin gwaji, a ce fuloraid ake so a auna. A gwada famfo daban, rijiyar burtsatse daban, don rijiyoyi biyu a unguwa ɗaya suna iya bambanta, kuma yawancin gidaje suna haɗa su in famfo ya ɗauke. In guda ta fito da sauƙi, a ware ta don sha da girkin yara 'yan ƙasa da shekara 8, lokacin da haƙoran dindindin ke ginuwa. Tabon da ya riga ya fito kuwa asuwaki ba ya goge shi, ku daina dirje wa yaro baki da gawayi.

Ruwan ya zo fari kamar madara.

Iska ce. Zuba a kofin gilashi, zai washe daga ƙasa zuwa sama cikin minti biyu.

Yana warin javel.

Gara haka. Kulorin miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita ake so ya iso bakin famfo.

In ruwa ya dawo bayan an ɗauke, sai ya zo ja.

Kada ku sha na farkon. Bututu in ya zama fanko yana zuƙo laka da ruwan kwata ta wuraren da ya tsage. A bar shi ya zuba har ya washe, a yi wanki da na farkon. Na sha a tafasa har ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa ƙwayar kulorin yadda takardarta ta ce, a jira minti 30. In jan ya wuce kwana biyu, a kai rahoto ofishin Camwater, kamfanin ruwan famfo.

Ruwan randa fa?

Malam, ruwa mai kyau kuka ɗebo, kuka ɓata shi da kanku. Moɗa ɗaya kowa na tsoma hannu, yaro ya ajiye ta a ƙasa ya mayar. A rufe randa, a rataye moɗa mai dogon mariƙi, a wanke jarka da javel duk mako.