Dokar da ke rufe gwamnatin Amurka idan jam'iyyu suka ja daga

Idan aka ji a labarai cewa gwamnatin Amurka ta rufe, wasu kan ɗauka baitulmali ne ya bushe. Kuɗi na nan, haraji na shigowa kamar kullum. Izinin kashewa ne ya ƙare, kuma a tsarinsu taɓa kuɗin gwamnati ba da izinin majalisa ba laifi ne.

Tushen maganar yana cikin kundin tsarin mulkin ƙasar, wanda ya ce ba za a fitar da ko sisi daga baitulmali ba sai da dokar da majalisa ta yi ta ware shi. Shekarar kasafinsu tana farawa ne ranar 1 ga Oktoba. Kafin wannan rana ana so Majalisar Wakilai da ta Dattawa su zartar da dokokin kasafi guda 12, kowace da ma'aikatun da take ɗauke da su, shugaban ƙasa ya sa hannu. Rabon da su kammala duka a kan lokaci tun 1996. Abin da suka saba shi ne kasafin wucin gadi na 'yan makonni ko watanni, a ci gaba da kashewa a kan ma'aunin bara. Ranar da shi ma wannan ya gagara, sai a rufe.

Dokar da ke tilasta rufewar ita ce Antideficiency Act, wadda asalinta ya faro tun 1870. A wancan zamani ma'aikatu kan cinye kasonsu tun shekara ba ta yi nisa ba, ko su ci bashi da sunan gwamnati, sannan su dawo majalisa su ce a biya ko aiki ya tsaya. Majalisa ta gaji, ta haramta wa kowane jami'i kashe kuɗi ko ƙulla kwangila fiye da abin da aka ware masa. Wanda ya karya da gangan yana iya fuskantar tarar dala 5,000 ko ɗaurin shekara biyu. Manufar mai kyau ce, domin duk majalisar da ba ta riƙe da lalitar gwamnati, sunan majalisa kawai gare ta.

Sai dai sama da shekara ɗari wannan doka ba ta rufe ofis ko ɗaya ba. Idan kasafi ya makara, ma'aikata kan ci gaba da aiki bisa tunanin cewa majalisa za ta biya daga baya. A 1980 ne Antoni Janar na gwamnatin Jimmy Carter, Benjamin Civiletti, ya ba da fassarar cewa idan babu kasafi dole aiki ya tsaya. A 1981 ya ƙara bayani cewa an keɓe ayyukan kare rayuka da dukiya. A kan wannan fassara ake tafiya har yau.

Saboda haka ma'aikata kan rabu gida biyu. Sojoji, masu kula da zirga-zirgar jiragen sama, masu bincike a filayen jirgi da gandirobobi dole su fito aiki, amma galibi ba albashi sai an buɗe. Sauran a tura su gida, kuma doka ta hana su yin aikin ko da a kyauta. Fanshon tsofaffi ba ya tsayawa don dokarsa ta dindindin ce, gidan waya na ci gaba da kuɗin da yake samu, ofisoshin biza ma galibi suna aiki da kuɗin da masu nema ke biya. Albashin 'yan majalisar da suka kasa daidaitawa shi ma ba ya tsayawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Inda siyasa ta shigo shi ne duk jam'iyyar da ke riƙe da majalisa ɗaya tana iya hana kasafi wucewa har sai an biya mata wata buƙata, ko da buƙatar ba ta da alaƙa da albashin kowa. A ƙarshen 1995 zuwa farkon 1996 an yi kwana 21 a rufe tsakanin Shugaba Bill Clinton da 'yan jam'iyyar Republican ƙarƙashin Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Newt Gingrich. A 2013 kwana 16, lokacin da 'yan Republican a Majalisar Wakilai suka nemi toshe kuɗin shirin inshorar lafiya na Barack Obama. Daga 22 ga Disambar 2018 aka yi kwana 35 kan dala biliyan 5.7 da Donald Trump ya nema don katangar iyakar Meziko. Ma'aikata kimanin 800,000 suka rasa albashi a kan lokaci, wasu har da bin layin karɓar abincin taimako, kuma aka buɗe ba tare da kuɗin katangar ba. Ofishin kasafi na majalisa ya ƙiyasta cewa kusan dala biliyan 3 na asarar ba za su dawo ba.

Ko jam'iyya ɗaya ce ke riƙe da komai, ba a tsira ba. A Majalisar Dattawa mai kujeru 100, ƙa'ida ta ce sai sanatoci 60 sun yarda kafin a rufe muhawara a kaɗa ƙuri'a kan irin wannan ƙuduri. A 2025 'yan Republican na da fadar shugaban ƙasa da majalisun biyu, amma kujeru 53 gare su a Dattawa. 'Yan Democrat suka tsaya kan tallafin inshorar lafiya, aka yi kwana 43 a rufe daga 1 ga Oktoba, wanda ya zarce na 2018.

Najeriya ta ɗauko tsarin shugaban ƙasa daga Amurka, amma ta toshe wannan kafa. Sashe na 82 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa damar ci gaba da fitar da kuɗi har tsawon wata shida idan kasafi ya makara, muddin bai wuce ma'aunin shekarar da ta gabata ba. Shi ya sa kasafin 2018 bai samu sa hannu ba sai a watan Yuni, amma ba a kulle ma'aikatu ba. Wannan yana rage wa majalisa ƙarfin matsa lamba, amma a ganina ya fi a mayar da albashin magatakarda abin ciniki tsakanin jam'iyyu.

A Amurka an sha gabatar da ƙudurin da zai sa kasafin bara ya ci gaba da kansa idan an makara, bai zama doka ba. Gyaran da aka samu shi ne dokar 2019 da ta tabbatar wa ma'aikatan gwamnati biyan albashinsu da zarar an buɗe. Masu shara da masu gadi da masu dafa abinci da ke aiki a ƙarƙashin 'yan kwangila ba sa cikinta, kwanakin da suka zauna a gida sun tafi ke nan.