Waiwaye: Shaihu Umar da inda zaren fim ɗin tarihi ya tsinke mana

Tun da finafinan tarihin Turkiyya da ake juyawa da Hausa suka cika wayoyin jama'a, muhawara ɗaya ce ke ta dawowa a Facebook da majalisun hira: mu me ya hana mu yin irinsu? Wasu su ce 'yan fim ɗinmu ba su san tarihi ba, wasu su ce rawa da waƙa ne suka ɗauke musu hankali. 'Yan fim kuma su kare kansu da cewa hayar dawaki da kayansu na yini guda kaɗai ta isa ta cinye kuɗin lokeshan. Kowa da abin kamawarsa, amma abin da ke damuna shi ne duk ɓangarorin suna magana kamar Bahaushe bai taɓa ɗora tarihinsa a allon silima ba, alhali ya ɗora tun 1976, da Hausa zalla, mai launi, na tsawon minti 142. Fim ɗin shi ne Shaihu Umar na marigayi Adamu Halilu.

Farkon labarin sananne ne ga duk wanda ya yi Hausa a makaranta. A 1933 Rupert East ya shirya gasar ƙagaggun labarai daga Zariya, wani malamin makaranta a Bauci mai suna Abubakar Tafawa Ɓalewa ya shiga, aka buga littafinsa, Shaihu Umar, a 1934. Malamin ya zama Firayim Minista daga baya, Mervyn Hiskett ya fassara littafin zuwa Ingilishi a 1967, sannan Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan daɓe, aka buga wasan a 1975. A ɗaya gefen kuma majigi ya daɗe yana zagaya garuruwan Arewa a mota, yana koya wa mutane noman auduga da tsabta. A irin wannan aikin na finafinan wayar da kai Halilu ya goge. An haife shi a Garkiɗa a 1936, ya karanci aikin fim a Landan da Roma, kuma kafin ya taɓa Shaihu Umar ya riga ya yi gajerun finafinai masu yawa.

Labarin kansa ba na fada da algaita ba ne kawai, kuma nan ne ƙarfinsa yake. A ƙarshen ƙarni na 19, almajirai sun tambayi malaminsu asalinsa, shi kuma ya buɗe baki. Yaro ne daga Kagara, maraya, uwarsa ta auri bafade Makau, hassadar fadawa ta sa aka kori Makau ya koma Maƙarfi. Uwar ta je Fatika ganin iyayenta, a bayanta aka sace yaron. Ya bi hannuwa har Kano, Balarabe Abdulkarim ya ɗauke shi ɗa, ya tsallaka hamada da shi zuwa Ber Kufa, can ya yi karatu har ya zama malami. Uwar kuwa ta fito nemansa a matsayin 'ya mai 'yanci, wani Ado ya yaudare ta a Kano, ta ƙare baiwa a Murzuk, daga nan Tarabulus. Sun sake haɗuwa, ba ta daɗe ba ta rasu, shi kuma ya zo ya zauna a Rauta yana karantarwa. Marubucin bai ɓoye cinikin bayi ba, bai kuma ce baƙi kaɗai ke yi ba. Ya nuna harin da fada ke kaiwa ƙauyuka, ya nuna Bahaushe na sayar da Bahaushiya. Masu kiran a yi mana fim ɗin tarihi don mu yi alfahari da kakanni ya kamata su san cewa wanda aka fara yi mana na duba kai ne.

Sashen finafinai na gwamnatin tarayya ne ya ɗauki nauyin aikin, a shekarun da kuɗin mai ke shigowa kuma ƙasa ke shirin karɓar baƙin FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya. Umaru Ladan, wanda ya riga ya san labarin ciki da bai tun daga daɓe, shi ya fito a Shaihu Umar. An nuna fim ɗin a bikin na 1977 a Legas da sunan Najeriya. Halilu ya ci gaba da Kanta of Kebbi a ƙarshen shekarun 1970, kuma da aka kafa Hukumar Finafinai ta Najeriya a 1979 shi ne ya fara riƙe ta. Duk wanda ya tsaya a wannan shekara ya hangi gaba, zai rantse cewa fim ɗin tarihi da Hausa ya kafu ke nan.

Abin da ya faru tsakanin 1986 da 1990 shi ne ba a cika kawowa a muhawarar ba, kuma a ganina a nan amsar take. Sai an fahimci yadda ake yin fim a wancan zamani kafin a gane girman abin.

Shaihu Umar a kan zaren majigi mai faɗin milimita 35 aka ɗauke shi. Wannan zare yana gudu ne hoto 24 a daƙiƙa guda, wato kimanin mita 27 a minti guda. Fim mai minti 142 ke nan ya doshi kilomita 4 na zare, a naɗe cikin gwangwanaye masu nauyi, kuma wannan kwafi ɗaya ne tak. Zaren da ake sakawa a kyamara daga waje ake sayo shi. In an gama ɗauka, darakta ba ya ganin abin da ya ɗauka sai an wanke, wankin mai launi kuwa galibi sai an kai Landan. Can za a daidaita launi, a haɗa sauti, a fitar da kwafin da za a haska daga nagatif, wato asalin zaren da aka ɗauka a kyamara. Kowane mataki da kuɗin waje ake biya. Shi ya sa finafinan Najeriya na lokacin ba su da kwafi da yawa, kuma kwafin da ke yawo yana karcewa duk sanda ya bi ta cikin na'ura, har ya kai ga tsinkewa ana liƙawa.

A 1985 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja a farashin hukuma. Zuwa 1987 dala ta kai kusan naira 4, zuwa 1993 ta kai wajen naira 22. Sana'ar da tun daga zarenta har wankinta da dala ake yi ba ta da yadda za ta tsaya da ƙafarta a haka. Sabon fim ya gagara, amma abin da ya fi wannan ciwo, wanda ba a lura da shi ba, shi ne sabon kwafin tsohon fim ma ya gagara. In kwafin Shaihu Umar da ke hannu ya gaji, fitar da wani yana nufin a ɗauki nagatif a kai Turai a biya da kuɗin da ya ninka sau ashirin. Akwai waɗanda suka yi ta maza suka ci gaba, kamar Saddiƙ Ɓalewa, ɗan marubucin littafin, da ya fitar da Ƙasarmu Ce a 1991, da Brendan Shehu da ya yi Kulɓa Na Ɓarna a 1992, sai dai waɗannan su ne 'yan autan zamanin.

A daidai wannan lokaci bidiyo ta shiga gidaje. Gidajen silima irin su Plaza da Orion da Marhaba a Kano, da suka saba haska finafinan Indiya da na China da na Amurka, suka fara rasa 'yan kallo. Wasu suka koma haska kaset, wasu suka rufe, na'urorin zare suka tsaya babu kayan gyara, masu sarrafa su suka kama wata sana'a. Finafinan Indiya ba su ji wannan sauyin ba, domin sun iso a kaset daga waje, kowane shago akwai su, ana haya ana kwafa. Shaihu Umar bai shiga wannan kasuwa haka ba. Fim ɗin zare kuwa in babu na'urar haska shi, tamkar hatsi ne a rumbun da makullinsa ya ɓata: yana nan, amma ba mai ci.

Ga kuma zafi. Zaren wancan zamani in ya zauna cikin zafi da laima yakan fara ruɓewa daga ciki, ya riƙa warin tsami, ya motse, ya lanƙwashe, launinsa ya kwashe ya koma ja-ja. Maganinsa ɗaki mai sanyi da bushewa dare da rana, shekara da shekaru, abin da ko ƙasashe masu arziki sun yi asarar finafinai da yawa kafin su iya shi.

To, sai a dubi matasan da suka fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, da waɗanda suka biyo su. Daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo suka fito, irin su Tumbin Giwa, da kyamarar bidiyo ta ɗaukar biki, da kuɗin aljihu. Tsakaninsu da Shaihu Umar shekara 14 ce kacal, amma ba su gaji kyamarar Halilu ba, ba su gaji ma'aikatansa ba, kuma babu shagon da za su shiga su yi hayar fim ɗinsa su kalla sau goma su ga yadda ya tsara shigar ayari ko zaman fada. Abin da ke gabansu kullum shi suka koya, kamar yadda kowane mai koyo yake yi. Kasuwar da ta raine su ma, ta 'yan kaset a Ƙofar Wambai da Bata, kasuwa ce ta a saka kuɗi yau a gani cikin 'yan makonni, wadda ba za ta iya jiran aikin da ke buƙatar raƙuma da ɗinkin tufafin da da gina ƙauye ba. Ba na ganin adalci ne a tuhumi mutum da watsar da gadon da ba a taɓa damƙa masa ba.

Halilu ya rasu a 2001, a lokacin da har masana ke ɗaukar fim ɗin a matsayin wanda ya ɓata. Sai a 2016 aka gano nagatif ɗinsa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya, kuma Didi Cheeka, mai shirya fim da sharhi a kansa, yana cikin waɗanda suka dage a kan aikin tono tsofaffin gwangwanayen. Tsirar nagatif ɗin ita ce babbar sa'a, domin daga gare shi ake samun hoto mafi tsabta, ba daga kwafin da ya sha karce ba. Cibiyar Arsenal ta adana finafinai da ke Barlin ta ɗauke shi hoto bayan hoto zuwa kwamfuta, aka gyara launi da sauti, aka haska shi a bikin finafinai na Barlin a Fabrairun 2018. Daga wannan haɗin gwiwa ne kuma aka buɗe karatun digiri na biyu kan adana finafinai a Jos, tare da wata jami'ar Jamus. Yanzu da fim ɗin ya koma na kwamfuta, shingen da ya tsaya tsakaninsa da masu kallo tun shekarun 1980 ya kau, kuma darakta matashi a Kano ko Maraɗi na iya koyo daga gare shi in ya iso hannunsa.

A 2016 ɗin nan da aka gano shi, kamfani na ƙarshe da ke ƙera na'urar kallon kaset ɗin bidiyo a Japan ya daina ƙerawa. Finafinan Hausa na shekarun 1990 a kan kaset aka ɗauke su, a kaset aka sayar da su, kuma kaset ma yana cin fumfuna, yana manne wa juna, hotonsa yana dusashewa. Su ba su da nagatif da za a koma wa. Uwar kaset ɗin da ke cikin kwali a ɗakin furodusa ko a bayan shagon wani tsohon ɗan kasuwa ita ce kaɗai asalin, kuma masu gyaran bidiyon da za su iya kunna ta a kwafe zuwa kwamfuta suna ƙara ƙaranci a kasuwanninmu.